Ruwan Farko da Kabarin Babana

Tun da aka shafa jan fenti a katangar maƙabartarmu barcin rana ya ƙaurace mini. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina ɓarar agushi, sai in ji gurnanin katafila daga wajen hanyar Doma, kullum yana ƙara matsowa, kamar cidar hadarin da ya ƙi sauka ya kuma ƙi wucewa. An ce titi za a fitar, mai faɗi, kuma ta tsakiyar inda muka ajiye mutanenmu zai bi. Duk mai nasa a ciki ya zo ya kwashe kafin damina ta kankama. A lokacin da aka haƙa ramukan farko a wurin nan, daji ne sosai, sai ka wuce gonakin doya ka ratsa ciyawa mai tsayin mutum kafin ka kai, kuma mace ba ta zuwa ita kaɗai. Yau gidan mai ne a hannun dama, shagon masu gyaran waya a hagu, 'yan acaɓa kuma suna jingina baburansu a katangar suna shan rake.

Babban ɗana, wanda yanzu dattijo ne a cocinsu, ya zo mini da maganar da yammacin wata Lahadi, yana kaɗa makullin mota. Ya ce, "Mama, mun gama magana da Fasto. Za mu ciro Kaka mu kai shi sabon wuri. Akwati mai kyau, a zuba siminti, a sa tayil, komai tsaf-tsaf. Ke dai ki nuna mana daidai inda yake." Na ce masa to. Ban ƙara komai ba a ranar, domin akwai abin da ba ya cikin ramin nan, kuma a duk faɗin Lafiya ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san haka.

Babana daga kan dutse ya sauko, can arewa da gari, inda mutanenmu suke tun kaka da kakanni. Noman doya ya kawo shi. Ya sami fili a gefen unguwar Gwandara, ya kafa bukka, ya auro Mama, aka haife ni, aka haifi ƙanena. Abin da na fi tunawa da gidan nan shi ne sautinsa: ƙarar taɓarya tun rana ba ta fito ba, kukan jirgin ƙasa daga tasha, kiran salla daga cikin gari idan iska ta juyo, da ƙarfen layin dogo da aka rataye a ɗorawa ana bugawa a maimakon ƙararrawar coci. Aikina shi ne ruwa da itace da tankaɗe, kuma idan na yi nawa Mama ta kan ce, "Hannun nan naki aro aka ba ki, za a tambaye ki abin da kika yi da shi." Baba kuwa mutum ne mai barkwanci. Idan za mu kwanta sai ya ce, "To, a je a gwada mutuwa." Da gari ya waye kuma ya bugi ƙyauren ɗakinmu da ƙotar garma yana cewa, "Ku tashi, ƙaho ya yi!" Mukan fito muna murza ido muna gunaguni, shi kuwa yana dariya har ana ganin haƙorinsa na gaba da ya ɓalle rabi.

Sai da na girma na gane cewa wasan nan ba wasa ba ne kawai. A cikin duk abin da masu bishara suka kawo, tashin matattu ne ya kama babana. Ba ruwansa da dogon wa'azi, bai ma iya karatu ba. Amma da aka ce masa wata rana za a busa ƙaho, kowane kabari ya buɗe, kowa ya fito da jikinsa, da hannunsa, da idonsa, ya ga Mai Ceto fuska da fuska, sai ya riƙe wannan da hannu biyu. Yana da dalili. A can kan dutse, idan magidanci ya mutu, ba a barinsa gaba ɗaya a ƙasa. Bayan wasu watanni, idan ruwan farko ya jiƙa ƙasa, dattawa su kan tone wajen kai, su ciro ƙoƙon, su wanke shi, su duba su ga ko akwai hannun wani a mutuwar. Daga nan a kai shi kogo, a ajiye shi tare da na iyayensa. Babana yana ƙarami ya ga an yi wa mahaifinsa haka, kuma bai taɓa warkewa daga ganin ba.

Bayan an gama haƙar doya ciwon ya kama shi. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka yi saƙe-saƙi aka yi addu'a, abin sai gaba yake yi. Wata rana da azahar na kawo masa kunu, na tarar ya riƙe hannun Mama. Bai kore ni ba. Ya ce, "Maman yara, ki yi mini alkawari. Kada ki bar su su raba ni. Ina so in tashi da kaina a wuyana, in ga Mai Ceto da idona." Mama ta ce, "Na yi maka alkawari, maigida." Kunun nan ya huce a hannuna, ba wanda ya sha.

A zamanin nan ba a ajiye gawa. Ba mutuware, ba fosta, ba anko, ba kanofi, ba mai kiɗa da janareto yana hana unguwa sakat. Wanda ya rasu da safe, kafin rana ta yi sanyi ya kwanta. Aka naɗe babana a tabarma, aka sa kansa yamma ƙafarsa gabas, yadda muke yi, don idan ya miƙe ya fuskanci inda hasken zai fito. Wan babana, wanda muke kira Baba Babba, ya iso da mutanensa daga dutse ana cikin rufe ramin. Dogo ne, busasshe, ba ya yawan magana. Bai shiga cikin masu waƙa ba, bai kuma hana su ba. Da aka gama sai ya ciro wani baƙin dutse daga jakarsa, ya dasa shi a wajen kai, ya danna da diddige. Ni a wautata na ɗauka girmamawa ce. Alama ce ya sa, don kada su sha wahalar nema.

Kafin ya tafi ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya yi wa Mama magana da irin Hausarsa ta kan dutse. Ya ce, "Matarmu, ka yi naka, mun gani, ba mu ce komai ba. In ruwa ya sauka, ƙasa ya yi laushi, za mu zo mu yi namu."

Mama ta durƙusa ta ce, "Baba, shi da bakinsa ya ce kada a taɓa shi."

"Shi ba na kansa ba ne. Na gida ne." Ya dube ni, ya dubi ƙanena. "Waɗannan ma na gida ne. In kai bai je gida ba, yara za su je. Ka zaɓa."

Ba barazanar banza ba ce. A al'adarmu 'ya'ya na dangin uba ne, kuma ba alƙali ko mai unguwar da zai ce a'a. Idan aka tafi da mu, shi ke nan, Mama za ta rage ita kaɗai a bukkar nan da kabari cikakke.

Ban taɓa ganin bazara irin ta wannan shekara ba. Zafi ya yi ta dafa gari, rijiyoyi suka ƙafe, muna zuwa rafin Amba muna tonon yashi da ƙoƙo muna jira ruwa ya tsattsafo. Mangwaro ya nuna yana faɗuwa, ƙudaje suna bi. Kowa idonsa a sama. Manoma sun gama tara tulin doya suna jira, Musulmi sun fita roƙon ruwa, mu ma a coci kowace Lahadi sai an roƙa. Ina zaune kusa da Mama a kan bencin laka, na lura cewa idan Malam mai bishara ya ce, "Ya Ubangiji, ka aiko mana da ruwa," jama'a duka su amsa da amin, bakin Mama a rufe yake. Gidanmu ne kaɗai a duk unguwar da ake jin tsoron hadari. Idan gajimare ya taru ta kudu da la'asar, sai ta ajiye abin da take yi ta tsaya tana kallonsa har ya watse, sannan ta sauke numfashi. Ni kuma mafarki ɗaya ya addabe ni. Sai in ga an busa ƙaho, maƙabarta ta tsattsage, kowa ya fito yana murna, babana kuwa yana tsaye a bakin raminsa yana lalube da hannuwa biyu, ba abin da ke saman kafaɗarsa. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma rasa wanda zan gaya wa.

Mazan coci sun yanke shawara tun da wuri. Malam ya zo gidanmu ya ce wa Mama kada ta damu, ba mai taɓa kabarin mai bi suna raye. Aka sare gorori, wasu suka fito da kwari da baka daga ƙarƙashin gado. Malam ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa tana da hujja. Ya ce idan aka bari sau ɗaya, to babu kabarin Kirista da zai ƙara kwana lafiya a ƙasar nan. Da Mama ta tambaye shi, "Yaran fa, Malam?" sai ya ce Allah zai yi hanya. Ta yi masa godiya, ta raka shi har bakin zaure, ta dawo ta zauna a kan turmi.

Muna da wata maƙwabciya, tsohuwar Bagwandariya, Musulma, mai sayar da gishirin Keana, kowa Iya yake ce mata. Ita ce mai zuwa ta taya Mama sussuka ba a kira ta ba. Wata rana suna aiki ina tankaɗe a gefe, Mama ta fashe da kuka ta gaya mata komai. Iya ba ta daina sussuka ba. Can ta ce, "Ni wana a Binuwai ya tafi. Kwalekwale ya kife da su da kayan gishiri, ko hularsa ba a samu ba. Kifi ya ci, an kama kifin, mutane sun ci." Ta gyara ɗaurin ƙirjinta. "Mu ma muna jiran tashin ƙiyama, 'yar nan. To ki gaya mini, shi ke nan wana ya ɓace wa Allah?" Tun daga ranar na ga Mama ta daina kuka, ta koma yin shiru, kuma shirun ya fi kukan ba ni tsoro.

Ruwan ya sauka ranar Asabar, jajibirin Ista, da rana tsaka. Iska ta fara tasowa ta kwashe faifai da tsummoki, sama ta yi baƙi ƙirin, aka yi wata tsawa da ta girgiza tukwane. Sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta ɗauki guɗa, yara suka fita tsirara suna tsalle, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Mama ta tsaya a ƙofar ɗaki ruwa yana feso mata a ƙafa. Da ya ɗauke, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, maƙwabta suna ta kamawa, ita kuwa ta buɗe akwati ta ciro zanenta na zumuntar mata, wanda ba ta da abin da ya fi shi daraja, ta kakkaɓe shi ta ninke ta ajiye a kan gado.

Al'adarmu ce ranar Ista, da zarar gari ya yi haske, mata su yi gaba da tulunan kiɗa da kacau-kacau, maza na biye, a tafi maƙabarta a yi waƙar tashi a tsakanin kaburbura. Yanzu an daina, an ce hanya ba tsaro, an koma yi a cikin gini da lasifika. A safiyar nan mun tafi ƙasa na manne mana a ƙafa, maza sun ɓoye gorori a cikin riguna. Muna karyo kwana ta bayan gonar rogo waƙar ta mutu a bakin mata. Suna nan zaune a ƙarƙashin ɗorawa, mutanen dutse, ƙafafunsu duk taɓo saboda tafiya. Sun jingina kwari da bakansu a jikin bishiya. A gaban Baba Babba akwai garma, da tulun ruwa, da sabuwar ƙwarya fara tas.

Mazanmu suka ja layi a gaban kabarin. Mutanen dutse ma suka miƙe, kowa ya kai hannu ga bakansa. Ba wanda ya ɗaga murya. Ina jin ɗigar ruwa daga ganyen ɗorawa, da numfashin ƙanena da ya ƙanƙame mini zane. Malam ya ce, "Baba, wannan wurin na masu bi ne. Ku koma da salama."

Baba Babba bai ko dube shi ba. Ya miƙo hannu wajenmu ya ce, "To. Yara, ku zo nan."

A nan ne Mama ta ratsa layin mazan. Ta wuce Malam, ta wuce wani da ya riga ya ɗaga gora, ta je gaban Baba Babba ta durƙusa ta gaishe shi kamar a gida, ta tambayi gajiyar hanya. Sannan ta ce, "Baba, in tambaye ka. Me za ka yi da kan ƙanenka?"

Da ya buɗe baki muryarsa ta canja. "Ni na goye shi a bayana. Uwarmu ya mutu, ni na tauna masa abinci. Yanzu ya kwanta nan cikin baƙi, ba uba, ba kaka. In na mutu, wa zai san inda yake? Zai ɓace, matarmu. Ba na so ya ɓace."

Mama ta miƙe. Ta ɗauki garmar da ke gabansa, ta nufi baƙin dutsen. Malam ya ce, "Maman yara, kina cikin hankalinki? Yau fa Ista!" Ta ce, "Na sani, Malam." Ta tsaya a kan kabarin ta yi magana da babana da ƙarfi, kowa na ji, kamar yana zaune a gindin turmi yana jiran tuwo. Ta ce, "Maigida, na yi maka alkawari, ga shi zan karya. Idan ka tashi kana fushi, ni ce, zan tsaya a gabanka in amsa. Amma yaranka ba za su tafi ba. Wanda zai tashe ka, in har bai san hanyar dutse ba, to ko cikakke na bar ka ba zai iya ba. In kuwa ya sani, ba abin da aka rage maka." Ta ɗaga garmar ta sara. Ƙasar ta yi laushi, bakin garmar ya nutse har ƙota.

Ban kawar da kaina ba, ko da yake wata mata ta yi ƙoƙarin rufe mini ido. Mutanen dutse suka karɓi garmar suka ci gaba. Mazanmu suka tsaya da gorori a hannu sun rasa wanda za su doka, domin matar mamacin ce ta fara. Wasu mata suka juya suka tafi suna tofar da yawu. Warin ya taso, ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba Babba da kansa ya shiga ramin, ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya fito da abin a hannu biyu. Ya zauna a ƙasa ya sa shi a sabuwar ƙwaryar, ya yi ta zuba ruwa yana wankewa a hankali, yadda ake yi wa jariri. Daga nan ya ɗaga shi wajen hasken rana yana jujjuyawa. Kowa ya san abin da ake jira. Idan ya ce ya ga hannu, hannun Mama zai nufa, kuma ba a san inda abin zai tsaya ba. Ya duba ƙeya, ya duba goshi. Da ya juyo gaban sai babban yatsansa ya tsaya a kan haƙorin nan da ya ɓalle rabi. Ya ce, "Ni na fasa masa wannan. Da dutse, muna kiwon awaki." Sai dattijon nan ya fashe da kuka kamar yaro. Da ya samu kansa ya ce, "Ba hannun kowa."

Ganye suka zo da shi don naɗewa. Mama ta ce a'a. Ta kwance zanenta na zumunta na sama, ta shimfiɗa a kan ciyawa. Baba Babba ya dubi zanen, ya ga gicciyen da ke jikinsa, ya dubi mutanensa. Sai ya sa kan ƙanensa a ciki ya ƙulle. Haka kan babana ya hau dutse ya shiga kogon kakanninsa a cikin zanen matan coci. Aka mayar da ƙasa, aka mayar da baƙin dutsen, mu kuma muka koma gida tare da uwarmu.

Coci ba ta yafe da wuri ba. Aka sa Mama a horo, aka mayar da ita bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa, har kaka ta zagayo. Matan da suke cin tuwo a gidanmu suka riƙa sauya hanya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Washegarin Ista, da sassafe, sai na ji an bugi ƙyauren ɗakinmu da ƙotar garma, Mama ce tana cewa, "Ku tashi, ƙaho ya yi." Haka ta ci gaba da yi har muka bar gidan. Daga baya ita ce ta zama mai wankan gawar da kowa ke gudu, wanda amai da gudawa ya kashe, wanda mota ta niƙe, wanda aka tsamo daga rijiya. Ta kan ce, "Ku kawo abin da ya samu, Mai shi ya san sauran." Idan na ga yadda ake binne mutane yanzu, a zuba kankare, a ɗaure da rodi, a liƙe da tayil, sai ka ce ana tsoron kada mamacin ya fito, nakan tuna da ita in yi murmushi. Maganarta ta ranar nan ce ta riƙe ni shekara da shekaru. Duk sanda mafarkin ya dawo, nakan ce wa kaina Allah ya san hanyar dutse, in juya in ci gaba da barci.

Da na gaya wa ɗana wannan labari, sai da ya ajiye makullin motar. Ya ce, "Mama, don Allah kada maganar nan ta fita. Ni dattijon coci ne, me mutane za su ce?" Sai kuma ya ce zai je ƙauyenmu na dutse ya nemi kogon, a dawo da kan a haɗa da sauran, a rufe zancen. Ya tafi da safe, ya dawo da yamma takalminsa fari fat. Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Mama, babu dutsen." Na ce wane irin babu dutsen, dutse yana tafiya ne? Ya ce wani kamfani ya saye wurin tun tuni, suna fasa shi da nakiya, inji yana niƙawa. Gefen da kogon yake ya daɗe da tafiya. Tsakuwar kuma tifa-tifa ake kwasowa, ita ake zubawa a titunan Lafiya.

Tun rasuwar Mama ban ji tsoro irin na ranar ba. Ita ta ce Allah ya san hanyar dutse, kuma a kan wannan na tsufa. Ga shi hanyar tana nan, dutsen ne babu. Mafarkin da na yi zaton na bar shi a ƙuruciya ya dawo mini da furfurata, babana yana lalube, wannan karon ma ba a san ta ina zai fara ba. Na yi ta tunanin Iya da wanta da kifin Binuwai. Ita ba ta da kogo, ba ta da baƙin dutse, ba ta da ko hula, amma ba ta daina sussuka ba.

Ranar tonon, da hantsi, hadari ya haɗu ta kudu. Na ɗaura zanena na zumunta, ɗana ya kai ni a mota. An riga an rushe rabin katangar, katafila tana tsaye a gefe injinta na kunne. Ɗorawar an sare ta tun da daɗewa, amma baƙin dutsen yana nan, ya nutse har sai da na sa sanda na tono shi. Fasto ya yi addu'a, samari biyu 'yan ƙwadago suka shiga da diga da shebur. Abin da suka samu bai cika kwando ba: dogayen ƙasusuwan ƙafa, 'yan haƙarƙari, sauran duk ya zama ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta lalube da hannu a wajen yamma, sai ya ɗago ya ce, "Mama, kai fa? Ba mu ga kai ba o."

Ɗana ya yi saurin buɗe baki. Na riga shi. Na ce wa saurayin, "Ba ya nan, yaro. Uwata ta ba da shi don a bar mata mu. An kai shi dutse." A daidai lokacin wata tifa ta ja da baya a bakin katangar da aka rushe, ta ɗaga bayanta, tsakuwa ta zubo da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na nuna ta da sanda na ce, "Dutsen kuma ga shi can ana saukewa." Fasto ya dube ni, ya dubi tarin tsakuwar. Ɗana ya sunkuyar da kai.

Na kwance zanena na sama na shimfiɗa a bakin ramin, na ce su sa abin da ya samu a ciki, Mai shi ya san sauran. Suka sa, na ƙulle. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo mini a bayan hannu, ƙamshin nan ya fara tashi daga ƙasa. Ina durƙushe ina neman yadda zan miƙe, sai direban tifar ya danna ham, doguwa, mai kauri kamar ƙaho, wadda ta ratsa maƙabartar daga wannan gefe zuwa wancan. Ni da sai an kama ni nake tashi, ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba, da ƙullin babana a ƙirjina, na juya gabas ina kallon sama.

Ɗana ya riƙo kafaɗata ya ce, "Mama, lafiya? Mota ce kawai."

Na ce, "Na sani. Ba shi ba ne tukuna."